Baba Kwafi-Uku da Agwagin Papa Tize

Jama'a an karɓa! Wallahi tallahi an karɓa! Sunana ya shiga lis ɗin masu fita, na gani da idona, har hoto na ɗauka sau biyar. Ba sifil-oba, ba ƙarin shekara, Rukayya ta gama jami'a! Yanzun nan na fito daga ofishin kodineta, ina zaune a gindin darbejiyar dipatmen ina danna wannan, cajina saura kaɗan, saboda haka duk wanda ya ga kuskuren rubutu ya haɗiye abinsa.

Kuma kun san wa ya fitar da ni? Mutumin da yau wata huɗu ke nan yana cikin kabari. Baba Umaru na Garwa. Baba Kwafi-Uku.

'Yan guruf ɗin nan da kuka zauna a gidansa ba sai na gaya muku ko waye ba, amma tunda zan roƙe ku ku tura wa wasu, bari in yi bayani. Mu masu karanta Faransanci, dipatmen ɗinmu ba ya sallamar mutum sai ya yi wata uku a ƙasar da ake yaren, ya dawo da takardar shaida mai hatimi. Ni Kamaru na zaɓa, aikin sa kai a wata 'yar ƙungiya da ke koya wa mata karatu da rubutu. Ƙungiyar ce ke kai ɗalibai baƙi gidan Baba Umaru, ɗaya bayan ɗaya, ya sauke su shi da matarsa Dada Asta.

Tsohon mai buga tafireta ne a wani ofishin gwamnati, ya yi ritaya tun ban san hannun damana ba. Ba ya taka ƙofar gida sai da jan fayil a hammata. Masallaci da fayil. Ɗaurin aure da fayil. Dada ta rantse mini ko wanka zai shiga sai ya ɗora shi a kan katanga inda idonsa zai kai. Kuma dokarsa ɗaya ce a duniya: duk takardar da ta shigo gidansa sai an yi mata kwafi uku, an kai meri, wato ofishin magajin gari, an buga wa kowanne hatimi.

"Ɗaya a jiki, ɗaya a gida."

"To na ukun fa, Baba?"

"Na uku ba ruwanki."

Dukkanmu mun yi wannan tambayar, dukkanmu amsar da muka samu ke nan. Sadik, kai ne ka ce binne su yake yi a bayan turken akuya, ina sane da kai.

Ranar da na iso, rana tsaka ce, kuma zafin Garwa kun san shi, ba ya tambayar 'yar waye ke. Na sauke jaka a ƙofar zaure, ga tsoho zaune da tafireta a kan tebur.

"Salamu alaikum Baba, ni ce Rukayya, wadda aka ce..."

"Wa alaikumus salam. Wa ya ce?"

"Na'am?"

"Wa ya ce ke ce Rukayya? Pièce."

Takardar shaida yake nufi. Na zaro fasfo na miƙa. Ya kalli hoto, ya kalle ni, ya sake kallon hoto.

"A nan kin fi ƙiba."

"Baba, hanya ce."

"Hanyar kwana biyu ta cinye kumatu?"

Daga cikin gida Dada ta ɗaga murya: "Haba Malam, bar 'yar mutane ta sha ruwa mana!"

"Ruwa ba ya gudu, Asta. Meri ce ke tashi ƙarfe uku."

Ya ɗauko sabon fayil, ya buga tak-tak-tak da yatsa biyu, ya manna. "Daga yau ke ce Lamba Sha Ɗaya." Har na bar gidan nan bai taɓa kiran sunana ba. Kuma a ranar, da ƙurar hanya a fuskata, muka tafi meri A ƘAFA. Ba don rowa kaɗai ba fa. Ba mai moto ɗin da zai ɗauke shi ne, saboda kafin ya hau sai ya ce a nuna masa lasisi da takardun mashin. Masu moto na unguwar in suka hango jan fayil daga nesa sai ka ga kowa ya tuna yana da wata hanya.

Rowar ma akwai ta. Ambulan in ya zo masa, zai ɓare shi a hankali da wuƙa, ya juya cikinsa waje, ya liƙe da koko, ya zama sabo. Takardar kabon ɗinsa ta tsufa har kana hango mutum ta cikinta. Akuyar Dada tana da fayil. Na rantse da Allah. Da ta haihu, 'ya'yan ma aka buɗe musu shafi.

Duk wannan dariya nake ta yi masa, har ranar da zan fara zuwa Ngong koyar da matan can.

Kun san halinmu na gida, waye ke yawo da takarda? Ka ɗauki waya da kuɗin mota, shi ke nan. Na canja jaka da safe, fasfo da kwafin da ya ce kar in rabu da shi duk suna cikin waccan. Dada ta miƙo mini ƙullin makala, wato fankensu na can, da gyaɗa a leda, na cusa, na fice. Mun wuce gada, mun yi nisa, sai direba ya rage gudu ya ce, "Kwantirol. Kowa ya fito da takardarsa."

Sai a lokacin na tuna jakar da na baro a gida.

Kowa a motar ya zaro kati kamar sun haɗa baki. Har tsohuwar da ke kusa da ni, mai kaza a cinya, ta kwance bakin zane ta fito da nata. Jami'in ya zo kaina, mutum mai ladabi, ba tsawa ba komai, ya ce, "Mademoiselle?" Na buɗe jaka. Na san babu, amma na ci gaba da lalube don in sayi lokaci. Faransancin shekara uku ya gudu ya bar ni, ko bonjour na nema na rasa. Ya ce in sauko. Direba ya fara kallon agogo, wani ya ce a sauke mata jakarta mu tafi. Ni baƙuwa, ba takarda, a bakin titi, ban san kowa ba. Na fara zazzage jaka a ƙasa, biro, littafi, caja, ledar makala. Ledar ta faɗi da wani irin nauyi. Na buɗe, a ƙarƙashin makalar ga ambulan juyayye, an naɗe shi a wata ledar don kar mai ya taɓa. Kwafin fasfo, kwafin katin rigakafi, wasiƙar ƙungiya, kowanne da hatimi. A sama da 'yar takarda, bugun tafireta: "Na san za ki manta."

Da na dawo da yamma na durƙusa zan yi godiya, bai ko ɗago ba.

"Lamba Sha Ɗaya, wancan na gida ne na ara miki. A dawo da shi. In da mai a jiki, ke za ki koma meri."

To sai maganar agwagi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Baba da na Papa Tize, wani dattijo Kirista daga duwatsu, tsohon mai sayar da albasa a babbar kasuwa. Papa Tize na da agwagi, agwagin kuma sun gano magudanar ruwan da ke ƙarƙashin katanga. Dada ta ce asalin faɗan, wata rana Baba ya shanya takardunsa a tabarma su sha iska, agwagwa ta bi ta kai da ƙafar taɓo, ta kuma bar nata hatimin. Shekara kusan ashirin ke nan, daga ranar ba su sake cewa juna sannu ba. Dokar gida ce ma, ranar farko ake gaya maka: ba a gaishe da mutumin can.

Amma fa ana wasiƙa! Agwagwa na leƙowa, Baba zai zauna a tafireta, tak-tak-tak, ya buga ƙara cikin Faransanci mai aji, ya sa a ambulan, ya maƙala a bakin doguwar gorar da ake kaɗo mangwaro, ya miƙa ta saman katanga. Sai ka ga wani hannu ya fito daga can ya cire. Ba magana. Na taɓa ce masa, "Baba, ba gara a toshe ramin ba kawai? Bulo ɗaya ne fa."

Ya kalle ni kamar na zagi iyayensa.

"In na toshe, ina shaidata?"

Ranar da zan tafi, shugabar ƙungiya ta ba ni takardar shaidata, wadda dominta na zo. Baba ya karɓe ta a hannuna tun a zaure, muka sake takawa meri. Ya ba ni asalin, ya ba ni kwafi ɗaya. Na ce, "Baba da ka huta, ai na ɗauke ta a waya. Yanzu komai a waya yake."

"Takardar da kullum sai an ba ta wuta ta ci, wannan ba takarda ba ce, jaririya ce. Saurara, ma fille. Asalin ki ba makaranta. Kwafin ki riƙe. Kwafi biyu ba sa kwana ɗaki ɗaya."

Na ce to Baba. Na dawo makaranta, sakatariyar dipatmen ta ce a kawo asali da kwafi, ni kuma uwar 'yan sauri na haɗa duka biyun na miƙa, aka sa a fayil guda. Ko a jikina.

Bayan azumi Dada ta kira ta ce Baba ya rasu, kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Na yi kuka, na yi mata gaisuwa a waya, na ce zan zo in an gama jarrabawa. Ban je ba.

Sai Larabar da ta wuce. Kodineta ya aiko a kira ni. Ina shiga na ga fayiloli a shanye a ƙasa kamar kilishi. Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya fasa silin, ya sauka daidai kan kabad ɗin 'yan ajinmu. Na wasu gefe ya jiƙe. Nawa ne a sama. Ya ɗago mini wani abu kamar tuwon da ya kwana, ya ce, "Rukayya, ga takardarki."

Na ce, "Sa, ina da ita a waya!" Na nuna masa. Ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari, amma kwamiti ba ya karɓar hoto, sai takarda mai hatimin gaske, asali ko kwafin da hukuma ta tabbatar. Litinin sha biyun rana lis zai wuce sama. Wanda babu shi a ciki, sai baɗi.

Baɗi! Momi ta riga ta raba ankon walima har Kaduna. Abba kuwa da ma tun farko bai so tafiyar nan ba, sai da kawuna ya sa baki. 'Yan ajinmu su tafi bautar ƙasa, ni in zauna ina gaishe da 'yan aji ɗaya? Na fita na kira lambar ƙungiya, a kashe. Na kira wata da muka yi aiki tare, ta ce ai tallafi ya ƙare tun bara, ofishin yanzu shagon gyaran gashi ne, shugabar ta koma kudu ba wanda ke da lambarta. Na tsaya a baranda. Sai na ji muryar Baba a kunnena, tak-tak: ɗaya a gida.

Alhamis na kwana a Yola gidan gwaggona. Juma'a da sassafe na kama hanyar iyaka, damina, mota ta kafe sau biyu, wani wurin sai da muka sauka muka hau mashin. Duk kwantirol ɗin da muka tsaya ni ce ta farkon miƙa fasfo, har wani jami'i ya yi dariya. Ana fitowa daga masallacin Juma'a na shiga unguwar.

Zauren a share. Ba tebur, ba tafireta. Dada ta rungume ni, "Bingel am, 'yata, kin zo," muka yi kuka mai isarmu. Na ji kunyar abin da ya kawo ni, amma lokaci ba ya jira. Na ce, "Dada, akwatin takardun Baba fa?"

Ta gyara ɗankwali.

"Ɗanmu Hamadu ya zo bayan arba'in, ya gyara ɗakin. Ya ce gara za ta shiga. Ni kuma ban iya kallonsu ba, ko'ina hannunsa ne. Na ce ya yi yadda ya gani."

"Ya ƙona?"

"A'a, ƙonawa ai asara ce, Malam ba zai yafe ba. Ya ba Mama mai makala ta bakin titi, tana naɗe wa mutane."

Jama'a ban san lokacin da na zura takalmi ba. Na isa, tana tsakiyar suya, layi a gabanta. Ina tsaye ta yago takarda daga wani buhu, ta zuba wa wani makala biyar a ciki. Na hango hatimi. Na ce, "Malam don Allah tsaya!" Na karɓe a hannunsa. Giresi, Lamba Bakwai, katin rigakafinki ne. Ki yi haƙuri, kin tafi da yaji.

Na roƙi Mama, da Hausa, da Faransanci, da 'yar Fulatancin da na tsinta. Ta ce buhu biyu aka ba ta, ɗaya ya ƙare tun tuni, wannan ma ga shi ya yi rabi. Ta ture mini shi da ƙafa. Na zauna a ƙasa a bakin titi da abayata, na zazzage. Rasit ɗin ragon layya. Takardar wutar lantarki tun ta zamanin da. Fayil ɗin akuya, cikakke, ko shafi bai ɓata ba, kun ji rashin adalci. Can ƙasa na ga bangon da aka buga wa LAMBA 11. Na buɗe. Wayam.

Mama ta ce, "Duba kwandon can, na jiya ne." Kwandon shara. Na duba. Na samu rabi. Rabin sama, ga sunana, ga sunan ƙungiya, ya sha mai har ana ganin yatsana ta baya. Rabin ƙasa mai hatimi da sa hannu, Allah kaɗai ya san cikin wa ya raka.

Na koma na zauna a dakalin ƙofar gidan Baba da rabin takarda a hannu. Ban iya shiga in kalli Dada ba. Ƙarfe uku ta wuce, ko da akwai wanda zai taimaka a wani ofis, an tashi sai Litinin. Ina ta lissafin yadda zan gaya wa Momi. Wata agwagwa ta zo ta tsaya a gabana tana kallona, na ce mata ke ma kin zo dariya ko.

Sai na ji an ce, "Lamba nawa?"

Na juya. Papa Tize ne zaune a kujerar roba a ƙofar gidansa, da sanda a tsakanin gwiwa. Wata uku na yi a unguwar nan ban taɓa jin muryarsa ba. Kuma ina ya san zancen lamba?

"Sha... sha ɗaya, Papa. Ina wuni."

"Yau kin iya gaisuwa."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

"Wata uku kina wuce ni kamar turmi. Ke da na gabanki duka. Yanzu ya mutu, baki ya buɗe."

"Papa ka yi haƙuri, doka ce aka..."

"Na san dokar. Me ya faru da takardar?"

Na gaya masa komai, silin, Litinin, makala. Bai ce ayya ba. Ya daɗe yana kallon agwagwar, har na fara tunanin ya tambaya ne kawai don ya ji daɗi. Sannan ya miƙo hannu.

"Pièce."

Wallahi da irin muryar Baba. Na zaro fasfo daga cikin riga, don yanzu a jiki yake kwana. Ya kalli hoto, ya kalle ni.

"Ƙa'ida sai an rubuta takardar buƙata. Da hannu."

Ban gane me nake buƙata ba, amma na yago takarda daga littafina. Na ce, "Kwafi uku?"

"Ni ba mahaukaci ba ne irinsa. Biyu sun isa."

Ya shiga da ni. A ɗakinsa, a kan bulo huɗu, ga wata tsohuwar akwatin ƙarfe an lulluɓe ta da leda. Ya ciro makulli daga wuyansa. Yana buɗewa warin ganyen darbejiya ya bugo ni, an shimfiɗa shi saboda gara. Ambulan ne a ciki, juyayyu, liƙin koko, an jera su a tsaye kamar sahun salla. Ya bi da yatsa, ya zaro ɗaya, ya ba ni.

Shafin farko ƙara ce. "Maƙwabci, ina sanar da kai cikin takaici cewa agwagwarka mai baƙin wuya ta sake keta iyaka yau da hantsi, ta ci dusar akuya." A can ƙasa, layi ɗaya: "A haɗe akwai takardun Lamba 11. A ajiye."

Na ɗaga shafin. Ga ta. Takardar shaidata, fes, ko lanƙwasa babu, hatimin meri shuɗi raɗau kamar jiya aka buga.

Ban san ihu na yi ba ko kuka, na dai ji agwagi sun watse a tsakar gida. Na durƙusa na riƙe ƙafar tsohon nan, yana ta cewa ke tashi, tashi kar ki jiƙa ta, babu wata bayan ita.

Da na natsu na ce, "Papa, me ya sa kai? Ku da ba kwa magana?"

Ya ce shekarar da ruwa ya shiga unguwar, ya kai gwiwa a gidan Baba, duk takardunsa suka zama kunu, har ta fanshonsa, sai da ya yi shekara biyu yana zarya. Takarda ɗaya tak ta tsira a cikin duk abin da ya taɓa bugawa: ƙarar farko da ya miƙo ta katanga. "Na sa ta a saman rufi, a cikin gwangwani, ina jiran ranar da zan kai shi kotu. Da ruwa ya janye na ɗaga masa ita ta katanga don ya ji haushi. Washegari ya miƙo ambulan mai kauri." Ya lalubo wata takarda da ta yi ja don tsufa, ya karanta mini yana fassarawa: "Aboki zai karɓi ajiyarka ya ba matarsa, matarsa ta sa a inda ta manta. Abokin gaba ba ya yar da takardar da ke ɗauke da sunanka."

Na yi dariya har da majina. Shi bai yi ba.

"Kuma duk shekarun nan ko sau ɗaya ba ku..."

"Me za mu ce? Ya rubuta ai."

Ya zaro ta ƙarshe a layin. Wannan ba bugun tafireta ba ne, rubutun hannu ne, yana hawa yana sauka. Kwana biyu kafin rasuwar, Dada ce ta riƙe masa gorar. "Maƙwabci, kwana uku ban ji motsin agwaginka ba. A duba lafiyarsu."

Ya mayar, ya rufe akwatin a hankali.

"Ranar da aka kai shi na sa kwat ɗina ta coci, na bi su a baya, na tsaya a bakin maƙabarta har aka watse. Wata huɗu yanzu, suna shiga suna fita, ba mai kawo ƙara." Ya share ido da bayan hannu. "Ni ko naman agwagwa ba na ci, 'yata."

Na kwana wurin Dada. Da na ba ta labari ta riƙe baki, ta ce ita duk zamanta ta ɗauka faɗan agwagwa ne zalla, "ashe tsofaffin banza biyu suna ta wasa da hankalina." Da safe kafin in kama hanya na je shagon fotokwafi na yi uku. Ɗaya a jiki. Ɗaya na ba Dada. Gorar tana nan jingine inda ya bar ta. Na yago takarda na rubuta: "Maƙwabci, agwagwarka ta tsaya a gabana jiya tana yi mini kallon raini alhali ina cikin tashin hankali. Ba zan lamunta ba. A haɗe akwai takardar Lamba 11. A ajiye." Na maƙala, na ɗaga ta saman katanga. Na daɗe a tsaye, hannuna har ya fara sanyi. Sai na ji an cire.

Yau sha ɗaya da kwata na ajiye ta a teburin kodineta. Ya murza hatimin da babban yatsa, ya ɗaga ta a haske, ya ce, "Wa ya koya miki ajiyar takarda haka?" Na ce wani tsoho ne a Garwa.

Allah ya jiƙan Baba Umaru. Ya sauke mu a gidansa ba dangin iya ba na baba, ya san za mu manta, ya tuna mana tun kafin mu manta. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba shi takardarsa a hannun dama, wadda ba ruwa ba gara. Allah ya ba Dada haƙuri, ya ba Papa Tize lafiya da nisan kwana.

Yanzu roƙona. Papa Tize ya ce in an gama girbi 'yarsa za ta zo ta mayar da shi gida kan dutse, kuma ba zai iya hawa da akwatin ba. Daga Lamba Ɗaya har Sha Biyu, kowa ambulan ɗinsa na ciki. Rabinmu ba sa guruf ɗin nan, ni ko sunan Lamba Biyu da Uku ban sani ba. Don Allah ku tura wannan ga duk wanda kuka san ya taɓa zama gidan Baba Umaru a Garwa, shi ma ya tura gaba. Wanda zai je ya tafi da fasfonsa a jiki, ya gaishe da tsohon tun daga ƙofa, kuma ya rubuta ƙarar agwagwa ko layi biyu ne ya kai masa.